Faɗuwar Yaro, Kunyar Wa?

Shekaru kaɗan da suka wuce, a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko ya sauka, aka tura ni wata cibiyar jarrabawa a cikin jaharmu ta Damagaram domin in taimaka wa malaman motsa jiki da rubuta maki. Ni dai malamin Faransanci ne da Hausa, babu abin da ya gama ni da guje-guje da tsalle-tsalle. Amma a irin wannan rana duk mai iya riƙe alƙalami ana neman sa. Aka ajiye mini tebur a gindin wata bedi. A gabana an shimfiɗa tsofaffin katifu biyu bisa rairayi, nan ne masu neman takardar BEPC za su yi abin da muke kira jimnastik: alkafura gaba da baya, tsayuwa bisa hannuwa, da juyin gefe irin na ƙafar amalanke. Ɗalibai sun yi da'ira, sun haura 200, bayansu kuma ga ƴan kallo na gari, masu tallan ruwa da ƴan kabu-kabu da yaran da ba su da abin yi.

Cikin waɗanda aka kira akwai wata yarinya ƴar ajina, daga nan Dawce, mai shekara 15. Na san ta iya, domin na sha ganin ta da yamma a filin makaranta tana yi wa ƙawayenta gwaji, jikinta kamar babu ƙashi. Aka kira sunanta, ta fito, ta ɗaga hannuwa sama yadda aka koya musu, sai ta tsaya. Ta tsaya har shirun ya yi nauyi, har wani daga baya ya yi tsaki, wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Daga inda nake ina hangen yatsunta suna rawa. A nan ne na buɗe baki, ni da aka kawo domin rubutu kawai, na ce da ƙarfi: “Ke, kada ki ba mu kunya mana!” Ta dube ni, ta runtse ido, ta faɗa alkafurar kamar mai faɗawa rijiya. Ta sauka a karkace, bisa kafaɗa da gefen wuya. Allah ya tsare, ba ta ji ciwo ba. Ta tashi ta kakkaɓe wando, ta koma cikin mata ba tare da ta ƙarasa sauran ba, ni kuwa da hannuna na rubuta mata makin da aka faɗa mini, wanda ko rabi bai kai ba.

Tun daga ranar nan kalma ɗaya ke damu na cikin maganar da na yi, wato “mu”. Su wane ne “mu” ɗin? Yarinyar ce za ta kifa kanta ƙasa, wuyanta ne ke cikin haɗari, makin ma nata ne. Amma ni da ke zaune a inuwa na mayar da abin nawa, da na makarantarmu, da na garinmu, na tattara na aza mata a ka, a daidai lokacin da take neman mai sauke mata kaya. Abin da nake so mu duba tare da mai karatu ke nan: idan babba ya tura yaro fagen gasa, me ya halatta ya nema daga gare shi? Tsoron da ke kama yaron a bakin fage kuma, haƙƙin wa ne ya ɗauke shi?

Sai mu fara da abin da ke faruwa cikin jiki, domin galibin zaluncin da ake yi wa yara a wannan fage daga rashin saninsa yake tasowa. Idan mutum ya hango haɗari, wasu ƴan ƙullutai da ke bisa ƙoda sukan zuba wani sinadari cikin jini, wanda likitoci ke kira adirenalin. Sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, yawu ya ƙafe, jini ya janye daga fata da ciki ya nufi manyan tsokoki. Shiri ne na gudu ko na faɗa, jiki kuwa bai san bambanci tsakanin kura da idon jama'a ba. Kaɗan daga wannan zafi yana da amfani, shi ke sa mai tsere ya wuce abin da ya saba. In ya yi yawa sai ya ɓata duk aikin da ke bukatar natsuwa da auna motsi. Ba a nemi izinin yaro kafin abin ya taso ba. Saboda haka cewa da shi “daina jin tsoro” daidai yake da cewa da mai zazzaɓi ya daina zafin jiki.

Abu na biyu ya fi wannan ban mamaki. Gwanintar da aka maimaita har ta zauna takan bar kai ta koma gaɓoɓi. Matar da ta ɗauko tulu daga rijiya tana tafe tana hira, ba ta tunanin tulun. A ce mata ga baƙi can suna kallon tafiyarta, sai ka ga ta kai hannu ta riƙe. A aji ma ina ganin haka: yaron da ya haddace tatsuniyar La Fontaine tsaf, ranar da sufeto ya shigo sai ya maƙale a layi na biyu, iyakar ƙoƙarin tunawarsa iyakar gudun da kalmar ke yi masa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Roy Baumeister, ya yi nazarin wannan a 1984, ya nuna cewa matsi yana sa mutum ya juyo da hankalinsa kan motsin da ya saba yi ba da tunani ba, sa idon nan kuwa shi ke wargaza motsin. A 1998 shi da Jennifer Butler suka gano wani abu da ya kamata ya shiga kunnen iyaye da malamai: a aiki mai wuya, mutane sun fi yin kuskure a gaban ƴan kallo masu goyon bayansu fiye da a gaban baƙin da babu ruwansu. Ashe cikin idanun da suka kewaye katifun nan, nawa ne suka fi yi wa yarinyar nauyi.

Akwai kuma wani kaya na daban da ɗiya mace ke shiga da'ira da shi a ƙasarmu. Shekara 15 ana tarbiyyar ta a kan kada ta tsaya inda maza ke kallo, ta sunkuyar da kai, ta rufe jiki, ta rage murya. Kunya ce adonta, da ita ake yabon gidansu. Rana ɗaya da safe sai mu ce ta sa wando, ta shiga tsakiyar fili, ta ɗaga ƙafafu sama a gaban ƴan kabu-kabu, sa'an nan mu ba ta maki a kan sakin jiki. Ba cewa nake a hana ƴan mata wasan ba, domin na ga yadda yake ƙara musu lafiya da kuzari. Cewa nake mu manya mun ba ta umarni biyu masu karo da juna, muka bar ta ita kaɗai ta sasanta su cikin daƙiƙa goma. Tsayuwar da ta yi, wadda muka karanta a matsayin ragwanci, ta fi kama da biyayya ga tarbiyyar da mu ɗin muka yi mata.

Abin da ya ƙara mini nauyin laifina shi ne, mu ba baƙin gasa ba ne. A Dawce, kamar sauran garuruwan ƙasar Kance da Matamaye, da zarar gero ya shiga rumbu, farin wata ya fito, yara kan taru a dandali su kama kokowa, manya na gefe suna kallo. Duk wanda ya lura da yadda ɗan kokowa ke shiga fage zai ga cewa al'ada ba ta taɓa musun tsoro ba. Da a ce ɗan kokowa ba ya jin tsoro, da ba a bukatar ganga. Ba a tura shi shi kaɗai: ga makaɗi yana ambaton sunansa da na ubansa, ga ƴan rakiya suna riƙe masa riga, ga kirarin da zai yi da bakinsa har ƙirjinsa ya buɗe, ga rawar da zai taka kafin kamu, ga layu da shafe-shafe. Malamai suna da maganarsu a kan layun, ba kuma fagena ba ne. Abin da nake dubawa shi ne aikin da duk waɗannan ke yi a zuciyar mai shiga. Kiɗa yana daidaita masa numfashi. Hidimar da yake yi kafin kamu tana cika masa kai, ba ta barin wurin da tunanin kaye zai zauna. Rakiya kuma tana gaya masa cewa kayan ba a kansa kaɗai yake ba. In an kayar da shi, sau da yawa wanda ya kayar ɗin ne ke miƙa masa hannu ya tashe shi, gobe kuma a sake kamu. Yarinyar ajina ba ta sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Makaranta ta aro gasar daga Turai, ta bar rakiyar a dandali.

Sai dai kada in yi wa al'ada ado fiye da kima. Tun 1975, da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa zamanin Saini Kunce, kokowa ta tashi daga wasan kaka ta zama ta jahohi, da takobi, da rediyo da talabijin, da kuɗi masu yawa. Jahohi 8 kowace ta kawo ƴan kokowa 10, sunan jaha sukutum ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Waɗancan manya ne, sun zaɓi sana'arsu, in sun yi fice kuma ana tunawa da su, kamar yadda filin kokowa na Zinder ke ɗauke da sunan Langa-Langa. Amma harshen da ake yi musu magana da shi yana gangarowa har dandalin ƙauye, ya faɗa kan yaro ɗan shekara 12 da ake ce wa garinsu ba ya faɗuwa. Na san uban da ya yi kwana uku bai amsa gaisuwar ɗansa ba saboda wani yaron maƙwabcin gari ya kayar da shi. Muna kuma da maganar nan cewa namiji ba ya kuka, maƙwabtanmu Fulani suna da sharo, inda saurayi ke riƙe madubi yana murmushi ana zabga masa sanda. Akwai martaba cikin wannan jimiri, ba na musu. To amma abin da yake koyarwa shi ne ɓoye abin da ake ji, wanda kuwa ya ƙware a ɓoyewa, ranar da jikinsa ya faɗa masa gaskiya ba zai isar da saƙon ga kowa ba.

Domin mu ga inda wannan hanya ke kaiwa in an bi ta har ƙarshe, sai mu leƙa ƙasashen da jimnastik ya zama sana'a. A can ana fara horon yara tun suna shekara biyar ko shida, kuma cikin abubuwan da mata ke wasa a kai akwai wani gungume mai tsawon mita 5, mai tashin santimita 125 daga ƙasa, faɗinsa kuwa santimita 10 kacal, bai kai tsawon tafin hannu ba; a bisansa ake alkafura. A wasannin Olimfik na Montreal, a 1976, Nadia Comaneci ta Romaniya tana da shekara 14 ta sami maki 10 cif, abin da allon nuna maki ma bai iya rubutawa ba, sai ya nuna 1.00. Duniya ta yi ta tafi, ƙasashe suka shiga tseren neman ƙananan yara masu sauƙin tanƙwarawa, a jiki da a hali. Sai a 1997 aka ɗaga shekarun shiga manyan gasa zuwa 16.

Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet ita ce gwanar duniya a gasar Strasbourg ta 1978. A 1979 ta karye a ƙafa, aka gaggauta mayar da ita horo kafin ƙashin ya haɗe sosai, domin Olimfik na 1980 a Mosko za a yi, ƙasa kuma tana son zinariya a gida. Aka sa ta koyon wata alkafura da ake sauka da birgima bisa kafaɗu, wadda kuskuren kaɗan a cikinta ke kai wa wuya. Daga baya ta bayyana cewa ta sha gaya wa mai horar da ita za ta karya wuya a kan wannan motsi, ba a saurare ta ba. Ran 3 ga Yuli 1980, a Minsk, saura mako biyu a buɗe wasannin, ta sauka bisa haɓa. Ƙashin wuya ya karye, jikinta ya shanye daga wuya zuwa ƙasa tana da shekara 20, a haka ta zauna har rasuwarta a Disamba 2006. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinta shi ne abin da ta ce ya fara zo mata a zuciya tana kwance a ƙasa: sauƙi ta ji, cewa ta tsira daga zuwa gasar. Mai karatu ya auna nauyin kayan da karyewar wuya ke zama hutu a kansa. An hana mata yin wannan alkafura daga baya.

A Atlanta, a 1996, Kerri Strug ta Amurka, mai shekara 18, ta ji ciwo a idon sawu a tsallenta na farko, aka ce ta sake domin ƙungiya. Ta sake, ta sauka, ta ɗage ƙafa ɗaya, sa'an nan ta durƙushe, mai horar da ita, Bela Karolyi, wanda shi ne ya horar da Comaneci, ya ɗauke ta a hannu zuwa wurin karɓar lamba. Shekara da shekaru ana nuna hoton a matsayin jarumta. Da aka gama lissafi kuwa, sai ta bayyana cewa ko ba ta yi tsallen na biyu ba zinariyar tasu ce.

Shekara 25 bayan haka, ran 27 ga Yuli 2021, a Tokyo, Simone Biles, wadda ta kwashi zinariya 4 a Rio a 2016, ta tashi sama da niyyar juyi biyu da rabi, sai ta yi ɗaya da rabi, ta sauka ba ta san inda ƙasa take ba. Abu ne da ƴan wasan suka sani: a tsakiyar iska kai da jiki su rabu, mutum ya rasa gabas da yamma. Ta ce ta tsaya. Ƙawayenta suka ƙarasa, suka sami azurfa. Wasu a ƙasarta suka kira ta matsoraciya mai gudun fage. Bayan mako guda ta dawo ta hau gungumen nan ta sami tagulla, a Paris kuma, a 2024, tana da shekara 27, ta ɗauki zinariya 3 da azurfa 1. Mata uku, kowace jikinta ya gaya mata gaskiya; ɗaya ce kaɗai ke da ƙarfin da za ta ce a'a a ji ta, ita ma sai da ta kai shekara 24 ta kuma fi kowa suna a wasan.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. A ganina maganar nan ta raba mana abin da muke cakuɗawa a bakin fage. Akwai tsoron da yake rahoto ne daga jiki: ƙafa ba ta warke ba, motsin bai zauna ba, kai ya juya. Wannan na daji ne, haɗarinsa na gaske ne, haƙƙinsa a saurare shi, domin jiki magayi. Akwai kuma wanda idanu ke haifarwa: me za a ce, wa zai yi dariya, da wace fuska Baba zai tarbe ni. Wannan na gida ne, mu muka ƙera shi, mu ne kuma ke da ikon rage shi. Kuskuren babba shi ne ya ɗauki na biyun ya mai da shi bulalar korar na farko. Haka aka yi wa Mukhina da sunan ƙasa, haka na yi wa ƴar ajina da sunan makaranta. Bambancin girma ne kawai, da kuma tsarewar Allah. Yarinyar da ta iya alkafura ido buɗe, maganata ta sa ta yi ta ido rufe, wanda shi ne hanya mafi kusa zuwa karyewar wuya.

Na san abin da za a ce, domin wani abokin aikina ya riga ya faɗa mini a ɗakin malamai: “Malam, in aka bi ta taka, ragwaye za mu yaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Ya kawo mini misali da lambobi biyun da Nijar ta samo daga Olimfik har zuwa 2024, tagullar Isaka Dabore a dambe a Munich a 1972, da azurfar Abdul Razak Alfaga a takwando a Rio a 2016, ya ce ba da lallashi aka samo su ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ba zan wofintar da ita ba. Yaron da aka ɓoye daga kowace da'ira zai tarar da ita a gaba, ranar jarrabawar baka, ko ranar neman aiki, ko ranar da zai tsaya gaban alƙali ya kare gonar ubansa, a lokacin kuwa babu katifa. Hana yaro gasa ba tausayi ba ne. Wahalar horo, da maimaici har a gaji, da ɗacin kaye, duk abinci ne ga mai tasowa. Amma nauyin aiki daban, nauyin mutuncin manya daban. Na farko yaro na ɗaukar sa ya ƙara ƙarfi; na biyu bashi ne da bai ci ba ake bin sa. Mai tanƙwara icce ma, in gwani ne, kunnensa na kan iccen, yana jin ƙarar farko ya sassauta hannu, in ba haka ba ya tashi da guntaye biyu.

Ɗalibanmu na ajin ƙarshe a lise suna karanta Epiktetus, bawan nan da ya zama malamin falsafa a daular Rum, wanda ya gina koyarwarsa a kan rarrabe abin da ke hannun mutum da abin da ba ya hannunsa. Manomin Dawce bai karanta shi ba, amma ya san shuka da noma nasa ne, ruwa ba nasa ba ne. Masu horar da ƴan wasa a yau abin da suke gaya wa yara ke nan: ka kula da numfashinka da matakinka, ka bar maki ga masu ba da maki. Shawara ce mai kyau, sai dai tana da giɓi. Epiktetus da samari masu hankalin kansu yake magana. Yaro ɗan shekara 12 ba zai iya wannan rarrabewa shi kaɗai ba, domin abin da yake tsoron rasawa ba lamba ba ce, fuskar ubansa ce. Wannan kuwa babu dabarar numfashi da za ta lamunce masa ita. Uban ne kaɗai zai iya, kuma ba da baki kawai ba, da yadda zai amsa gaisuwa ranar da aka sha kaye. Abin mamaki, mukan sallami yaro da “Allah ya ba da sa'a”, wato mun amsa da bakinmu cewa sakamakon ba a hannunsa yake ba. Da yamma kuma mu hukunta shi a kan sakamakon. Tawakkalin da muke nema daga yaro, mu ne ba mu yi shi ba.

Shekarar da ta biyo baya na nemi malamin motsa jikinmu, muka zauna. Shi ya fi ni sanin aikinsa, abin da na kawo kawai shi ne labarin ganga da rakiya. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, muka fara saba wa yaran da idanu tun watanni kafin jarrabawa: yau a gaban ƙawa biyu, wani mako a gaban aji, daga baya a gaban maza da ƴan kallo na gangan da aka ce su yi surutu. Kowane yaro ya zaɓi ƴar hidimarsa ta kafin farawa, fitar da numfashi a hankali sau uku, domin dogon fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya, da kalma ɗaya da zai riƙe a kai maimakon lissafin gaɓoɓi. Wasu suka zaɓi bisimilla, wani ya zaɓi kirarin kakansa. Aka koya musu faɗuwa kanta, yadda ake dunƙule haɓa a ƙirji a mirgina, da yadda ake tashi a ci gaba daga inda aka tsaya. Muka kuma yi musu alkawarin da ya fi kowanne wuyar cikawa a wurinmu, cewa wanda ya ce jikinsa bai ba shi ba, ba za a tambaye shi dalili a gaban mutane ba, zai koma ƙarshen layi ya sake zuwa. Mun yi zaton rabin aji za su fake da wannan. Ƴan kaɗan ne suka taɓa amfani da shi. Ba zan ce an warke ba. A jarrabawar shekarar ma wani yaro ya daskare, wata kuma ta yi kuka tun kafin a kira ta. Iyaye kuwa, waɗanda rabin maganar tasu ce, har yanzu ba mu sami hanyar zama da su a kan wannan ba, domin uban da ya bar gona ya zo makaranta yana so ya ji labarin lissafi ne da Faransanci.

Ita kuwa yarinyar, ta ci jarrabawarta da makin rubutu. Na daɗe ina jinkiri, domin ba a saba malami ya ba ɗaliba haƙuri ba, har wata rana ta zo karɓar takardunta, na tsayar da ita a bakin ofis na ce: “Ƴata, maganar da na yi miki ranar nan ban kyauta ba, ki yafe mini.” Ta sunkuyar da kai ta ce: “Haba Mushe, ai ba komai.” Sai na yi mata tambayar da babu wanda ya yi mata a ranar, cikinmu duka da muke zaune da alƙaluma: me take tsoro sa'ad da ta tsaya? Ta yi shiru, ta yi ƴar dariya, ta ce ba alkafurar ba ce. Ɗankwalinta ne ta ji ya kwance tun tana ɗaga hannuwa, ta san in ta kifa kai zai faɗi a gaban mazan nan, ta kuma rasa yadda za ta sauke hannu ta ɗaure bayan an riga an kira sunanta. Tun daga shekarar, kafin a fara kiran suna, wata malama takan bi layin ƴan mata da ƴan allurai a cikin gwangwani.